Idon Inna da Manhajar Masu Girma

Jiya Laraba na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka yanke mini cibiya: na kashe wa mahaifiyata waya. Ba sau ɗaya ba, sau uku, da wannan babban yatsan da nake riƙe ƙusa da shi. Kafin ku fara yi mini tofin Allah tsine, ku gyara zama ku ji yadda aka yi, in ya so in kun gama sai ku raba laifin tsakanina da Masu Girma. Ni dai na riga na ɗebi nawa kason.

Ga wanda bai saba leƙo wannan shafi ba, ni kafinta ne. Rumfata tana bakin titi, jikin shagon wani mai aski. Inna kuwa tana can ɗaya gefen gari, a gidan da mahaifinmu ya bari, ta ce ko da motar rusau aka zo ba za ta fita ba. Ciwon yana ya rufe mata ido, na dama gaba ɗaya, na hagu saura ɗan haske. Ba ta iya zura zare a allura, ba ta ganin agogon bango, baƙo in ya shigo sai ya yi magana take gane shi. Likita ya ce aikin minti ashirin ne. Layin jiran minti ashirin ɗin nan kuwa, wata goma sha ɗaya muka yi a kansa.

To jiya da safe, takwas saura, ina goge ƙafar wani teburi, sai ga saƙo. An samu gurbi. Za a yi wa Inna aiki Talata ta sama, amma sai an shiga manhajar asibiti an danna "Na amince" kafin ƙarfe huɗu na yamma. In ba a danna ba, gurbin ya zama na wanda ke bayanta, ita kuma ta koma wutsiyar layi. Na share hannu a riga na kira ta na yi mata albishir. Ta ce, "To Auta, ashe zan ga jikokina kafin su yi gemu." Jikokin nata duk mata ne, amma ban gyara mata ba. Ni ma da take kira Auta, furfura ta cinye mini rabin haɓa.

Na buɗe manhaja, ta ƙi buɗuwa. Wai cikin wayata ya tsufa, sai na sabunta shi tukuna. Wayar da ran Litinin na duba layi da ita lafiya lau, a kwana biyu ta tsufa.

Ni fa ina da tarihi da manhajar nan. Bara da za a ƙaddamar da ita, an rasa inda za a ɗaura ƙyallen da Mai Girma Mai Almakashin Zinariya zai yanka, tunda manhaja ba ta da ƙofa. Sai aka zo rumfata aka ce in ƙera waya ta katako mai tsayin mutum biyu. Na ƙera, na shafa mata baƙin fenti, aka ɗaura mata jan ƙyalle a ƙugu. Mai Girma ya zo a jerin motoci goma sha tara, ya yanka, ya ce daga yau talaka zai ga likita yana kwance a kan gadonsa. Mun tafa har tafinmu ya yi zafi. Kuma ina faɗa da alfahari, a duk wannan aiki, wayata ta katako ce kaɗai ba ta taɓa ce wa kowa ya sake gwadawa ba.

Na danna "Sabunta". Wani ɗan layi shuɗi ya fara rarrafe a fuskar wayar, kashi biyar, kashi goma sha biyu. Na jingina ta da gwangwanin ƙusa na koma aiki da ido ɗaya. Tana kashi arba'in da 'yan kai Inna ta kira.

"Auta, ka danna?"

"Saura ƙiris, Inna."

"To madalla. Ka san maƙwabciyata da aka yi wa nata bara? Ta ce da aka cire auduga, abin da ta fara gani ƙurar da ke saman kabad ɗinta ne, ta kwana uku tana yi wa 'yarta faɗa."

Muka yi dariya, ta ba ni labarin kabad ɗin tun daga ranar da aka saye shi. Da muka yi sallama na duba, sai na ga rubutu: "Lokacin jira ya ƙare. A sake gwadawa." Layin shuɗi ya koma sifili, ko sannu babu.

Mai aski ya ji tsakina ya leƙo da almakashi a hannu. Maƙwabcin nan nawa mutumin kirki ne, sai dai tun da nake da shi ban taɓa jin ya ce bai san abu ba.

"Sabis ne," in ji shi. "A ƙasa babu sabis, duk yana sama. Cire mata riga ka ɗora ta a rufi. In da hali ka sa ta a kwanon silba, yana jawo shi."

Wanda yake yi wa aski ya biyo shi waje da rabin kai a aske, tawul a wuya, ya ce shi ma ƙaninsa haka ya yi. Shaida biyu ta kama ni. Na ɗauko tsani na ɗora wayar a kan rufin rumfa cikin kwanon da nake jiƙa gam, na zauna a matakala ta huɗu ina gadi. Masu wucewa suna gaishe ni suna tambaya ko yoyo rufin yake yi. Kuma wallahi abin ya yi tafiya, sittin, saba'in, tamanin da ɗaya. Sai kwano ya ɗauki ƙara. Inna ce, tana so ta san ko za a bar ta ta ci abinci da safen Talata, in kuma ba za a bari ba, wa ya yanke wannan hukunci. Na yi mata bayani iyakar sanina. Na duba, lokacin jira ya ƙare.

Karo na uku sai da ta kai casa'in da bakwai. Casa'in da bakwai, jama'a. Har na ɗaga ƙafa zan sauko daga tsani in rungume mai aski. Inna ta kira ta tambayi wane mayafi ya dace da asibiti, mai ruwan toka ko shuɗin, domin ba ta son likita ya ɗauka ba ta da kowa. Na ce shuɗin. Ta ce shuɗin ya koɗe. Na ce to mai ruwan toka. Ta ce ashe ban damu ba. Da na duba wayar, na ga abin da kuka riga kuka sani.

A kan tsanin nan na yi wa Masu Girma huɗubar da ba a shirya ba. Na tambayi iska ina turakun sabis ɗari uku da aka yi alkawari. Na tambaya ina Mai Girma Babban Mai Duba Ayyukan da Ba a Fara Ba, wanda ya yi tafiya har ƙasashe huɗu domin ya koyo yadda ake sauke abu a waya. Mai aski yana ƙasa yana cewa, "Faɗa musu." Mai rabin kai yana gyaɗa rabin da aka gama.

Ƙarfe goma da rabi na rufe rumfa na tafi wurin mai gyaran waya, wanda duk unguwa ke kira Injiniya. Teburinsa a ƙarƙashin wata tsohuwar lema yake, da gilashin ƙara girma, da buroshin haƙori da yake wanke cikin waya da shi, da tulin wayoyin da masu su suka haƙura. Ya karɓi tawa ya jujjuya ta.

"Me ya sa take warin gam?"

"Magani aka ba ni."

Ya kashe ta ya kunna. Ya duba kwanan wata da agogonta, ya ce in suka karkace sai na'urar da ke aiko da sabuntawar ta ƙi yarda da ita. Ya cire abin tsimin batir, ya ce yana shaƙe aiki in fuskar waya ta yi duhu. Ya jona ta a caji. Sannan ya duba wuri, ya ɗago ya kalle ni.

"Maigida, hoton gado ɗari shida me kake yi da shi?"

"Aikina ne. Da shi nake nuna wa mai saye."

"To zaɓi, ko gado ko idon Inna. Babu wurin da sabon zai sauka."

Na tsaya ina kallo ya share aikin shekara biyar da yatsa ɗaya. Gadaje, ƙofofi, har wata kujera mai kan zaki da na yi wata uku ina sassaƙa. Na haɗiye na ce ba komai.

"Yanzu saura babban abu," in ji Injiniya. "Wannan wayar taka irin ta da ce. In kana sauke abu da data, kada ka kuskura ka..."

Wayar ta yi ƙara a hannunsa. Na ga sunan, na fizge ta, na ɗaga masa tafin hannu alamar ya dakata. Inna tana so ta ji ko an danna. Na koma gefe na kwantar mata da hankali. Kafin in dawo wata mata ta kawo wayar da ta faɗa cikin tukunya, Injiniya ya duƙufa a kanta. Ya ɗaga murya daga ƙarƙashin gilashi ya ce, "Ka dai ji abin da na ce ko?" Na ce na ji. Ban ji komai ba, kunya ce ta hana ni cewa ya maimaita.

Daga nan wata dabara ta zo mini, irin ta mutanen da. Me zai hana in je asibitin da ƙafata in ce na amince da bakina? Na je. Na bi layi har na isa wata 'yar taga, bayanta wata malama mai tabarau da katon littafi a gabanta. Na faɗi sunan Inna. Ta buɗe, ta bi da yatsa.

"Ga ta nan. Talata ta sama."

"Alhamdu lillahi. To ranki ya daɗe, na amince. Sa mata alama."

"Ba ni da iko."

"Ga littafi, ga biro, ga ni."

"Bawan Allah, tun ranar da aka yi bikin nan aka karɓe mana ikon sa alama. Aka ce zamanin biro ya wuce. Littafin ma don kada mu zauna hannu sake ne." Ta rage murya. "Da ina da hali da na danna maka a tawa na'urar."

Ta juyo mini da fuskar kwamfutarta. Wani ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiya.

"Tun Litinin take sabuntawa," in ji ta. "Ka gwada dandalin intanet na kyauta, wasu suna dacewa."

Dandalin nan ku ma kun san irinsa. Benci shida na siminti, bishiya ɗaya da ba ta yi niyyar girma ba, da dogon ƙarfe mai ɗauke da allo: "Intanet kyauta, alherin Mai Girma." Na zauna a rana na haɗa waya. Kafin a ba ka hanya sai hoton Mai Girma Uban Masu Kyauta ya fito yana murmushi, ƙasansa da wurin dannawa an rubuta "Na gode". Na gode masa. Kuma gaskiya a faɗe ta, gudun abin ya burge ni. Sai dai wani mai hikima a ofis ya tsara cewa duk bayan minti goma sha biyar a yanke, hoton ya dawo, ka sake godiya, kada talaka ya shagala ya manta wanda ya yi masa alheri. Abin da nake saukewa kuwa minti ashirin da biyar yake so. Da an yanke, ya koma sifili.

Wani dattijo a bencin kusa ya ce shi tun watan jiya yake zuwa, ya kai kashi sittin sau talatin da ɗaya. Na ce me yake saukewa. Ya ce ya manta, yanzu dai don hira yake zuwa. Na gode wa Mai Girma sau huɗu a awa guda, abin da ban yi wa mahaifina ba ranar da ya saya mini keke, sannan na tashi.

Biyu da rabi ta wuce na shiga gida, ƙafa ta yi nauyi, wuya ya ƙone. Maiɗakina malamar makaranta ce, ta dawo ke nan tana zaune a tabarma da tulin takardun jarrabawa da jan biro. Na zube kusa da ita na kwashe labari tun daga tsani har dandali, na haɗa da ra'ayina a kan Masu Girma. Ta bar ni na gama.

"Na dandali na gane," in ji ta. "Na rumfa fa, da ƙarfe nawa ya yanke?"

Na faɗa mata, domin kowane ɗaya na kalli agogo na yi tsaki. Ta rubuta a bayan takardar wata ɗaliba. Ta karɓi wayar ta buɗe jerin kira, ta rubuta wasu lokutan a gefe. Ta ja layi tsakaninsu da jan biro, ɗaya, biyu, uku. Ta miƙo mini.

Kowace yankewa da kiran Inna a gefenta, minti ɗaya bai raba su ba. Nan take rabin maganar Injiniya ta dawo mini, na ƙarasa ta da kaina. Tsohuwar waya in tana magana ba ta sauke komai. Ɗan tsaiko kaɗan za ta jure, amma labarin kabad ba za ta jure ba.

"Ni na san wannan ciwon," in ji maiɗakina, tana mayar da murfin biro. "Shekara goma sha huɗu ina fama da shi. Duk maganar da na ɗauko da kai, tana kaiwa casa'in da bakwai Inna za ta kira, in ka dawo mu koma sifili. Maganar ƙofar banɗakin nan, yau sau nawa muna sake gwadawa?"

Na kalli ƙofar banɗaki, tana rataye da fatar ƙarfe ɗaya a gidan kafinta. Na ce ba lokacin wannan ba ne.

Bari in faɗa muku abin da ya sa ba na barin kiran Inna ya yi ƙara biyu, kada ku ɗauka shagwaɓa ce. Ranar da mahaifinmu ya faɗi a tsakar gida, ni ta kira. Ina kan injin yanka katako, ban ji ba. Da na kashe inji na tarar da kira bakwai. Kafin in isa an riga an rufe masa fuska. Inna ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya, amma tun ranar hannuna yake ɗaga wayarta kafin kaina ya yi tunani. Maiɗakina ta san wannan, shi ya sa tsokanarta ba ta wuce ƙofar banɗaki.

Na kira Inna na ce don Allah kada ta kira ni sai bayan rabin awa, aikin idonta nake yi. Ta ce to, Allah ya yi albarka. Uku da minti biyu na danna. Muka zuba wa wayar ido ni da maiɗakina. Uku da minti tara ta yi ƙara, kafin a ce haka har na ɗaga na kara a kunne.

"Auta, rabin awar ta cika? Ka san ba na ganin agogo."

Na fasa faɗan da ya taso mini. Na ji kunya ta rufe ni. Na ce bai cika ba Inna, ni zan kira ki. Ta ce to, dama ta ji shirun ya yi yawa ne, ta ƙara da 'yar addu'a mai ɗan tsawo. Na duba, sifili.

Maiɗakina ta yi lissafi a bakin takarda. Saukewa minti ashirin da biyar, wayar ta kashe kanta ta shirya sabon kamar minti goma sha biyu. Yanzu uku da kwata. Wannan ne na ƙarshe, in ya yanke sai wata goma sha ɗaya.

"Ni zan riƙe ta," in ji ta. Ta ɗauko 'yar wayarta mai maɓallai, wadda ba ta san wani abu wai shi intanet ba. "In tana magana da ni ba za ta kira ka ba. Amma in ta kuɓuce mini, ja za ka danna. Ka ji ni? Ja."

Na ce na ji. Wannan karon da gaske na ji.

Tsakanin maiɗakina da Inna akwai girmamawa, amma wayarsu ba ta wuce minti biyu: an wuni lafiya, ya jiki, a gaida yara. Jiya na ga jarumta. Ta gaishe ta sau uku ta hanya uku. Ta tambayi yadda ake cire tabon mai a farin yadi. Ta tambayi sunan kakar kakata. Ta tambayi labarin kabad ɗin maƙwabciya da kanta, da bakinta. Ni kuwa ina durƙushe gaban waya, talatin, arba'in da biyar, sittin. A minti na goma sha shida na jiyo muryar Inna ta canza daga cikin 'yar wayar.

"Ke 'yar nan, tun da kika shigo gidanmu ba ki taɓa riƙe ni a waya haka ba. Me ya sami Auta?"

"Lafiyarsa ƙalau Inna, ga shi nan ma..."

Ƙit, ta kashe. Tawa ta ɗauki ƙara, tana kashi sittin da takwas.

Sunanta ya cika fuskar wayar, kore a dama, ja a hagu. Yatsana ya nufi kore da kansa. Maiɗakina ba ta taɓa ni ba, ta dai ce a hankali, "Baban yara, idonta." Na danna ja. Wallahi sai da na ji abin a ƙirjina. Layin shuɗi ya tsaya cak, ya yi kamar yana shawara, sannan ya ce sittin da tara.

Ta sake kira a saba'in da tara. Ja. Ta sake a casa'in da uku. Na rufe ido na danna, hawaye yana bin gemuna, ni da girmana a gaban matata. Casa'in da bakwai ta zo, na daina numfashi. Ta wuce. Ɗari. Wayar ta yi baƙi ta kashe kanta, ta shiga shirya cikinta. Maiɗakina ta yi ta kiran Inna don ta yi mata bayani, ba a ɗagawa.

Huɗu saura minti takwas wayar ta farfaɗo. Na buɗe manhaja, ta buɗu. Kuna so ku san sabon abin da aka ƙara, wanda saboda shi wayata ta tsufa, gadajena ɗari shida suka tafi? Hoton Mai Girma ne aka canza. A na da yana kallon hagu, a sabon yana kallon dama, kuma ya yi sabon tabarau. Sai ka kalle shi daƙiƙa goma kafin a ba ka hanya. Na kalle shi, na yaba tabarau, na danna "Na amince". Aka rubuto, "An tabbatar." Huɗu saura minti shida.

Ina neman takalmi in tafi wurin Inna sai na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Ga ta tana saukowa, mai babur yana riƙe da gwiwar hannunta. Matar da ta yi wata shida ba ta fita ita kaɗai ba ta ratso gari. Ta bar wayarta a gida. Mayafin a bai-bai yake, takalmin ƙafar dama baƙi, na hagu ruwan ƙasa, ba ta gani ba balle ta sani.

"Ina yake?" in ji ta, tana laluben iska.

"Ga ni, Inna."

Ta kama fuskata da hannu biyu ta shafa, goshi, kunne, gemu. Ta sauko ta kama hannuwana ta ƙirga yatsun ɗaya bayan ɗaya, a tunaninta injin katako ya yi aikinsa. Goma cif. Ta sake ƙirgawa. Sannan ta sauke wata ajiyar zuciya ta zauna a kan benci. Na durƙusa na yi mata bayani tun daga farko, na ce an tabbatar, Talata ta sama. Maiɗakina ta kawo ruwa, Inna ta sha.

"Wato ni ce nake yanke abin," in ji ta.

"Ba ke ba ce Inna, wayar ce tsohuwa."

"Kada ka yi mini wayo, ni na haife ka." Ta lalubo hannuna. "Wanne ne ya kashe?"

Na miƙa mata babban yatsan. Ta riƙe shi gam, ta ƙi saki.

"Ran Talata in an cire auduga, kada kowa ya tsaya a gabana, ko likita. Wannan za a fara nuna mini. Ina so in ga yatsan da ya iya kashe wa uwarsa waya." Ta ɗan matsa shi. "Da ka ɗaga, da na yi wata goma sha ɗaya ina ganin laifin hukuma."

Maiɗakina ta juya baya tana dariya cikin mayafi. Ni ban samu bakin dariya ba sai can.

To Masu Girma, Allah ya ƙara girma, ga rahotona. Kason laifina na ɗauka a gaban jama'a, na kuma gyara ƙofar banɗaki yau da safe ba tare da an sake gwadawa ba. Naku kason yana nan na ajiye muku a rumfa, kusa da ragowar katakon wayarku. Ina kuma miƙa godiya ta musamman bisa saƙon da ya shigo ɗazu, mai cewa ran Talata mu zo da takardar tabbaci a buge, a kai ta 'yar tagar nan malama ta sa mata hannu da biro. Na shirya muku kalma biyu a kan wannan, masu daɗi, har na kai kusan ƙarshen tsara su, amma ku yi haƙuri, ga Inna tana kira.